Ina son yaran lungunmu su yi tashe bana, amma Yaya ya ce a'a. Ina mafita?

'Yar Yakasai ta rubuta:

Assalamu alaikum jama'a. An sha ruwa lafiya? Allah ya karɓi ibadunmu.

Yau azumi huɗu, saura kwana shida a shiga lokacin tashe, kuma akwai abin da ya tsaya mini a rai. Ni haifaffiyar Yakasai ce a cikin birnin Kano. Aure ya kai ni Kaduna, na yi shekara goma sha shida a can. Bara Allah ya yi wa mai gidana rasuwa, da na fita takaba sai na dawo gidanmu da 'ya'yana uku. Gidan gado ne, irin mai soro biyu da tsakar gida mai faɗi, sassa biyar. Tun rasuwar Baba, Yayanmu babba ne ke riƙe da gidan. Idan aka ƙirga yaran gidan kaɗai, waɗanda ba su wuce shekara goma sha biyu ba, sun kai goma sha ɗaya.

Daren jiya aka ɗauke wuta bayan shan ruwa, muka shimfiɗa tabarma a tsakar gida. Autana ya cika ciki da kunun tsamiya da ƙosai, ya zo tashi yana dafa gwiwa yana nishi, sai Inna ta fara yi masa waƙar Tsoho da gemu tana tafa hannu. Yaron ya tsaya yana kallonta, ya ce, "Inna, waƙar wane fim ce wannan?" Inna ta yi shiru. Ni kuwa sai na ji abu ya tokare mini maƙogwaro. Shekararsa tara, bai taɓa ganin tashe ba. Na ɗauka don a Kaduna ya tashi ne, sai na juya ga 'ya'yan Yaya da aka yanke wa cibi a gidan nan. Babbarsu ta ce ta taɓa gani sau ɗaya, a waya.

Mu a lokacinmu, tun azumi na bakwai muke fara ɓoye kayan tashe a ƙarƙashin gadon Inna. Mu shida ne 'yan mata a ƙungiyarmu. Idan za a yi Ga Mairama ga Daudu kullum ni ce Daudu, don na fi kowa tsayi. A saka mini tsohuwar babbar rigar Baba tana jan ƙasa, a kafa mini hula, a zana mini gashin baki da baƙin tukunya. Ƙawata ita ce Mairama, ta yi lulluɓi, ta ɗauko kwanon tuwo ta durƙusa, sauran suna amshi suna gaya mata yadda ake yi wa miji magana. Matan gida su yi ta dariya suna gyara mana, wata ta ce ba haka ake miƙa ruwa ba, ta taso ta nuna. Idan mun gaji da wannan sai mu kifa ƙwarya a cikin ruwa mu yi ta kiɗa da ludayi. Har yau idan na ji ƙarar ƙwarya a kan ruwa, ƙanshin turaren wutar gidajen lungunmu nake ji. Geron da aka ba mu muna tarawa a wurin wata gwaggonmu, ana gobe jajibere a sayar, mu sayi lalle da 'yan kunne na Sallah.

Da safe na je na gaishe da Yaya, na kawo masa maganar a hankali. Bai bari na kai ƙarshe ba. Ya ce da farko dai hukuma ta sha dakatar da tashe a Kano cikin 'yan shekarun nan saboda ɓata-gari da ke fakewa da shi, shi ba zai bari yaron gidansa ya fita da dare ba. Wannan ban yi musu ba, gaskiyarsa ce. Ya ce kuma watan Alƙur'ani ne, ba watan kiɗa ba. Sannan ya ce tashe koya wa yara bara ne. Wannan ta ƙarshen ce ta yi mini ciwo, don ni ban taɓa jin kaina a matsayin mai bara ba ranar da nake sanye da rigar Baba.

Abin da nake tunani shi ne a yi shi a tsakar gidanmu kawai, bayan an sauko daga asham, yaran gida da na maƙwabta biyu ko uku, a tashi kafin ƙarfe goma. To amma wannan tashe ne kuwa, ko wasan makaranta? Kuma yaya zan shawo kan Yaya ba tare da ya ga kamar na raina shi ba? A ƙarƙashin inuwarsa nake da marayuna, ba na son abin da zai ɓata tsakaninmu. Sannan na maza ban iya ba sai ɗan abin da na tsinta daga nesa, ga shi bakwai cikin yaran maza ne. Malamai kuma ku faɗa mini gaskiya ko da ba za ta yi mini daɗi ba.

Dattijon Mandawari ya amsa:

Wa alaikumus salam 'yata. Allah ya ji ƙan mai gidanki, ya raya abin da ya bari.

Jikana ne ya karanta mini saƙonki, shi ne kuma yake rubuta wannan ina faɗa. Kin tuna mini da abin da na daɗe ban tuna ba.

Tashen da ba na mantawa shi ne na 1973, shekarar da aka canza kuɗi daga fam da sule zuwa naira da kwabo. Shekarar fari ce, hatsi ya yi tsada ƙwarai. Gidan da aka saba ɗebo mana gero da ƙoƙo, a wannan shekarar da tafin hannu ake zuba mana. Amma ban tuna gida ɗaya da aka kore mu ba. Wanda ba shi da ko ƙwaya sai ya ce ku yi, Allah ya yi muku albarka, mu yi masa mu wuce. Ki gaya wa Yayanki wannan cikin ladabi: mai bara ba ya tsayawa ya yi wa wanda ba zai ba shi komai ba. Mu muna yi. Abin da ake ba ɗan tashe tukuici ne na aikin da ya yi.

Na maza da kika tambaya, ki fara da Tsoho da gemu, shi ya fi sauƙi. Auduga za a samu a manna wa yaro a haɓa da gira. Da ƙaro ake mannawa, a jiƙa shi tun da rana ya yi kauri. A cusa masa tsumma a baya ya yi doro, a ba shi sanda, ya riƙa tafiya yana karkarwa, sauran suna amsa masa. Daga nan sai Ka yi rawa. Shi kuma yaro ne zai yi shigar malami, rawani da allo da buzu da carbi, ana ce masa an gan shi ya yi rawa yana rantsuwa bai yi ba, ana matsa masa yana ƙi, can sai ya ajiye allon ya taka. Daɗin wasan yana wurin jan rai. Yaron da ya yi saurin yin rawar ya ɓata shi. Ki zaɓi mai kamun kai, wanda ba ya saurin dariya. Akwai Jatau mai magani, wanda zai baje tsumma da saiwoyi da ƙulle-ƙulle yana lissafa cuta da maganinta, wannan sai yaro mai baki da riƙon kai. Akwai Mai ƙiriniya da ake ɗaure wa igiya a ƙugu yana fizge-fizge. Ganga kuwa ba ma saya. Babban gwangwani muke samu mu rufe bakinsa da takardar buhun siminti da aka jiƙa, mu ɗaure tamau mu shanya.

Manya ma suna da nasu. Mun tashi mun tarar da Nalako, sarkin gwagware na Kano, yana yawo da jama'arsa da ganga da igiya suna bin waɗanda matansu suka fita ba su sake aure ba. Abin da muka ji daga iyayenmu shi ne asalin abin daga tashin mutane sahur ne, musamman gwauro da ba shi da mai tashinsa, daga nan ma sunan ya fito. Amma wannan ba na yara ba ne, ki bar shi.

Yanzu ga inda zan saɓa miki. Kin ce a tsakar gidanku kawai. 'Yata, rabin tashe tafiyar ce. Yaro ya tsaya a ƙofar gidan da ba nasu ba, ya yi sallama, ya jira a ba shi izini, ya shiga ya gaishe da mutanen da bai saba da su ba, ya yi abinsa a gabansu ba tare da ya ruɗe ba. In an ce a yi haƙuri yau, ya juya ba tare da ya yi tsaki ba. Ta tashe na san kowane gida a Mandawari, na san inda tsohuwa take zaune ita kaɗai, na san gidan da ake da majinyaci sai a rage murya. Da na girma aka fara aikena kai tuwon sadaka da sanarwar suna, ba wanda ya taɓa yi mini kwatance. Idan kika tsare su a gida ɗaya, za su koyi waƙa amma ba za su koyi unguwa ba.

Ba cewa nake ki saki yara a titi ba, Allah ya kiyaye. Idan hukuma ta hana, an hana. Amma ki sa a je wurin mai unguwa a tambaye shi ko gidaje huɗu ko biyar na cikin lungunku za su iya karɓar yaran juna, da babba a gaba da babba a baya. Abin da ya ce shi za a bi.

Batun Yayanki kuma, kuskure ɗaya kika yi, kin kai maganar da kanki. Kuna da uwa a raye. Ki bar Inna ta kira shi ɗakinta, ba a gaban yara ba, ba a gaban matansa ba. Ita ta san irin tashen da ya yi yana yaro, ke ba ki sani ba.

Mai gyaran waya ya amsa:

Anti ki yi haƙuri, ni ina bayan Yayanki, kuma Baba na Mandawari ya gafarce ni.

Abin da kuke tunawa ba shi ne abin da mu muka gani ba. Azumi uku da suka wuce, ni da abokina muna dawowa daga shago a Farm Centre bayan isha'i, muka ji kiɗa a bakin wani lungu. Mun ɗauka yara ne. Da suka matso sai muka ga ƙarti ne sun fi talatin, wasu sun shafa baƙi a fuska, ɗaya ya saka gemun auduga kamar gaske. Kafin mu ankara an zagaye mu. Wayata da wayoyin mutane biyu da na karɓo gyara duk suka tafi, abokina da ya riƙe tasa aka yanke shi a hannu, ɗinki bakwai aka yi masa. Wata uku ina biyan kuɗin wayoyin nan. Tun daga ranar, in na ji ganga da dare a watan azumi gabana faɗuwa yake.

Na san yaranki ba su ne waɗannan ba. Matsalar ita ce kiɗa yana kiran mutane. Za ki fara da yara goma sha ɗaya, kafin ki kai gida na uku sun zama arba'in, kuma ba ki san 'ya'yan waye ba. Waɗancan ba sa buƙatar gayyata.

Idan dai sai an yi, to don Allah a bar gangar nan ta gwangwani. Kada a saka wanda ya wuce shekara goma sha biyu. A tsayar da mutum biyu a bakin lungu waɗanda suka san fuskar kowa. Kuma kada wani ya ɗauki bidiyo ya saka a TikTok a daren, don gobe za ki ga baƙi sun cika ƙofar gidanku. In ana son ajiye tarihi a ɗauka a bari sai bayan Sallah.

Wani abu kuma, yanzu wa zai ba yaro gero? Kuɗi za a ba su, kuma kuɗi a hannun yara da dare shi ne farkon rigima. Babba ya riƙe.

Malamin Islamiyya ya amsa:

Assalamu alaikum. Hajiya, kin ce a faɗa miki gaskiya, to ga abin da na sani, Allah shi ne mafi sani.

Tashe al'ada ce, ba ibada ba, kuma ba wanda ya ce ibada ce. Al'ada kuwa ana duba abin da ke cikinta ne. Wasan yara a kansa ba laifi ba ne, ko a lokacin azumi. Ya tabbata a Bukhari da Muslim daga Rubayyi'u 'yar Mu'awwiz, Allah ya yarda da ita, cewa suna sa yaransu azumin Ashura, su yi musu abin wasa da gashin tumaki, idan yaro ya yi kukan yunwa a ba shi ya yi wasa har lokacin buɗa-baki. Haka nan Nana A'isha ta kalli Habashawa suna wasa da māsu a masallaci, Manzon Allah, tsira da amincin Allah su tabbata a gare shi, yana kāre ta. Saboda haka wanda ya ce yaro ba zai yi wasa a Ramadan ba ya tsananta. Ni da nake koyar da 'yan shekara bakwai zuwa goma sha biyu na san yaron da ya ji daɗin watan nan shi ne yake ɗokin dawowarsa.

Amma Yayanki yana da gaskiya a kan lokaci. Kada wasan ya ci sallar isha'i ko asham, kada kuma ya shiga goman ƙarshe. Idan an fara daren goma, a rufe kafin daren ashirin da ɗaya, mutane su fuskanci tahajjudi da i'itikafi.

Sai abin da ke cikin wasannin, a nan ne nake so ki tace. Allah ya ce a Suratul Hujurat, aya ta 11, kada wasu mutane su yi izgili ga wasu. Akwai tashen da gaba ɗayansa kwaikwayon wata ƙabila ne da yadda take magana da abin da take ci, irin Macukule da ake kwaikwayon Gbagyi. Mun yi shi muna yara ba mu san komai ba, amma ba zan koya wa ɗalibina shi yau ba. Ke da kika zauna a Kaduna kin yi maƙwabtaka da Gbagyi, kin fi ni sanin yadda za su ji. Haka tsokanar gwauro. Wani matarsa rasuwa ta yi, wani talauci ne ya raba su, ba mu san abin da ke zuciyarsa ba.

Ka yi rawa kuwa, ko da yake malami ake kwaikwaya, ni ban ga aibinsa ba. Yana nuna wa yaro cewa rawani da allo ba sa hana a kama mutum idan ya yi abu ya musa. Sai dai allon ya zama wanda ba rubutun Alƙur'ani a jikinsa, tunda za a ajiye shi a ƙasa, kuma a cire rantsuwa da sunan Allah a cikin musun.

Wanda zai yi miki nauyi shi ne Daudu. Akwai hadisi ingantacce da ya hana mace kamanta kanta da namiji a shiga. Ƙananan yara da ba su balaga ba alƙalami bai hau kansu ba, kuma wasa ne a cikin mata, wannan ya sa wasu ba sa ganin komai. Ni dai da za a ba ƙaramin yaro namiji matsayin, hankalina zai fi kwanciya. Kiɗa ma malamai sun yi saɓani a kansa, tafi da ƙwarya sun isa, kuma hakan ya dace da shawarar ɗan'uwanmu mai gyaran waya.

Maganar bara, ga hanyar da za ta rufe ta. Abin da aka tara a raba biyu, rabi na yaran, rabi su kai da hannunsu gidan wani mabuƙaci a lungun kafin Sallah.

Badamagariya a Yamai ta amsa:

Sannu 'yar'uwa, Allah ya ba ki haƙurin rashi. Ni ma uwar marayu ce, na san abin da kike nufi da zama a inuwar wani.

A Damagaram na tashi, cikin Birni, kuma mun yi tashe kamar yadda kika faɗa, har kiɗan ƙwarya a ruwa. Mu dala ɗaya ko dala biyu ake ba mu, wanda ya ba da dala biyar sai mu yi ta yi masa addu'a har ƙofa. Da aiki ya kawo mu Yamai sai na tarar Zabarmawa suna da nasu, suna ce masa tobai-tobai, wato zomo. Yara su shafa farar ƙasa a jiki, su yi shigar dabbobi, su bi gida-gida a tsakiyar azumi. 'Ya'yana da suka tashi a nan shi suka sani. Kuma a Wagadugu akwai wasan da yara ke yi da azumi da fuskokin ƙwarya, sunansa dodo har yau, fataken Hausawa ne suka kai shi can. Abin da ke ba ni tausayi ke nan, a ce waɗanda suka karɓa daga hannun kakanninmu suna riƙe da shi, yaron cikin birnin Kano kuma yana tambaya ko waƙar fim ce.

Shawarata ɗaya ce, kada ki koya musu komai da komai. Na gwada da nawa, na rubuta musu waƙa a takarda na sa su hadda, sai abin ya fito kamar karatun makaranta, ba rai a ciki. Mu wa ya koya mana? Yayyenmu muka bi a baya muna amshi har muka iya. Ki zaunar da Inna ta rera musu sau biyu sau uku, ki zuba musu tsummoki da auduga da gawayi, ki koma gefe. Za su yi faɗa a kan wa zai zama tsoho, ki bar su su sasanta. Za su saka abin da ba ya cikin na da, wataƙila Jatau ya zo da maganin ciwon cajin waya. Ki bar su. Na zamaninku ma ba daidai yake da na zamanin Inna ba, tambaye ta ki ji.

Kuma ki fara shiga gidajen da kanki da rana ki gaya wa matan, don kada yara su yi sallama a yi musu kallon baƙi.

'Yar Yakasai ta dawo:

Jama'a na gode, Allah ya saka wa kowa da alheri. Yau azumi goma sha uku, na ce bari na zo na ba ku labari.

Baba, na bi maganarka. Inna ta kira Yaya ɗakinta bayan la'asar, sun fi rabin awa. Ban san me ta gaya masa ba, ban kuma tambaya ba. Da ya fito bai ce mini komai ba, sai washegari ya aiko babban ɗansa ya ce in shirya, shi da kansa zai je wurin mai unguwa. Mai unguwa ya ce titi dai babu, ko bakin lungu kada yaro ya leƙa, amma tunda lungunmu ba ya ɓullewa, gidajen da ke ciki in sun yarda su karɓi yaran juna, ba ganga, a gama kafin goma. Gida shida ne a lungun. Na shiga duka da rana kamar yadda 'yar'uwata ta Yamai ta ce. Biyar sun yi murna. Ɗaya mai gidan ya ce shi bai yarda da shi ba, na ce Allah ya ba da haƙuri, na kuma gargaɗi yara su wuce ƙofarsa shiru.

Ƙanena mai gyaran waya, ba mu yi wasa da maganarka ba. Samari biyu na gidanmu suna zaune a benci a bakin lungu tun daga farko har ƙarshe. Daren farko ba kowa, amma a na biyu wasu yara manya su biyar da ba mu sani ba sun zo sun ce su ma za su shiga, aka ba su haƙuri suka tafi. Da ba kowa a wurin ban san yadda za ta kasance ba. Kuɗin kuma matar Yaya ce ke riƙewa a gwangwanin madara.

Allah gafarta Malam, mun bar Macukule, allon ma sabo ne ba rubutu. Rabon kuɗin biyu ma yaran sun yarda, har sun zaɓi gidan da za su kai. A kan Daudu ne ban bi ka gaba ɗaya ba, ka yi mini afuwa. Mazan duk sun ƙi, suka ce ba za su shiga wasan mata ba, sai muka ba wata 'yar shekara bakwai, kuma a cikin ɗakunan mata kaɗai ake yin sa. Rigar mahaifinmu tana nan ashe, Inna ta adana ta a ƙasan adaka. Da na ga yarinyar a ciki tana jan ta a ƙasa sai da na shiga ɗaki na share hawaye.

A gida na uku akwai wata tsohuwa da idonta ya tafi, shekara biyu ba ta fita ko ƙofa. Da ta ji sallamar yara ta ce a fito da ita tsakar gida. Suna cikin tashen Samodara ta ɗaga hannu ta tsayar da su, ta ce sun tsallake baiti, ta rera musu shi da muryarta tana rawa. Ni kaina ban taɓa jin wannan baitin ba. Ta sa jikarta ta ɗebo musu gero a ƙoƙo, gero na gaske, ta ce ita ba ta san tashen kuɗi ba. Yanzu kullum da la'asar 'yan matan suna wurinta.

Autana shi ne tsoho. Yaya bai shigo ba, a soro ya tsaya yana leƙe, amma na ji shi yana ce wa yaron ya ƙara sunkuyawa, tsoho ba ya miƙe wuya haka.

Matsala biyu ta rage. Ban samu ƙaro ba, da sitaci muka manna gemun, zufa na zubowa yake saɓulewa, jiya sau uku yana faɗuwa. Gobe zan aika kasuwar Kurmi a nemo. Baba, awa nawa ake jiƙa shi, kuma da ruwan zafi ne ko na sanyi? Sannan yaron da ya ɗauki Jatau ya iya cuta huɗu kawai yana ta maimaitawa, Inna kuma ta ce na maza ne ba ta riƙe ba. In jikanka yana kusa, don Allah ya ɗauki muryarka kana yi daga farko har ƙarshe a turo mini, saura kwana bakwai mu rufe.